Lloyd Shapley da Lissafin Rabo: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka ambaci ka'idar wasanni, sunan John Nash ne yake fara zuwa bakin mutane. Su kuwa masana fannin, in ka tambaye su wa ya fi barin aiki mai zurfi, da yawansu Lloyd Shapley za su ce maka. Robert Aumann, masanin fannin da ya samu kyautar Nobel a 2005, ya bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa a tarihin fannin. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai so ya yi game da shi.

Wane ne Lloyd Shapley?

Masanin lissafi ne ɗan Amurka. An haife shi ranar 2 ga Yuni, 1923, a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Mahaifinsa, Harlow Shapley, babban masanin taurari ne da ya shugabanci cibiyar duban taurari ta Jami'ar Harvard daga 1921 zuwa 1952, kuma shi ne ya nuna cewa ranarmu ba a tsakiyar tarin taurarinmu take ba, can gefe take. Mahaifiyarsa, Martha, ita ma ta yi aiki a fannin taurari da lissafinsu. Gidan lissafi ya taso.

Ya shiga Harvard, Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu a 1943, ya dawo ya kammala digirin farko a 1948. Digirin digirgir kuma a Jami'ar Princeton ya yi shi, a hannun Albert Tucker, ya gama a 1953. Daga 1954 zuwa 1981 yana cibiyar bincike ta RAND a Santa Monica, jihar Kalifoniya, sannan ya koma koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ya rasu ranar 12 ga Maris, 2016, a Tucson ta jihar Arizona, yana da shekara 92.

Mece ce ka'idar wasanni? Ba lissafin caca ba ce?

Ba caca ba ce, kodayake waɗanda suka kafa ta sun ɗauki misalansu na farko daga wasannin karta da makamantansu, don a nan dokoki suke a fili kuma ana iya ƙirga sakamako. Abin da fannin yake nazari shi ne duk wani hali da abin da za ka samu bai dogara da shawararka kai kaɗai ba, ya dogara har da shawarar wasu, su ma kuma suna lura da kai. Ciniki, zaɓe, gwanjo, yarjejeniyar ƙasashe, gasar kamfanoni, duk suna ciki. John von Neumann ya aza harsashin a 1928, sannan shi da Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafinsu a 1944.

Fannin ya rabu gida biyu. Akwai ɓangaren da kowa ta kansa yake yi, babu alkawarin da ke ɗaure kowa. Nan Nash ya yi suna. Akwai kuma ɓangaren haɗin gwiwa, inda mutane za su iya haɗa ƙarfi su samu abin da ɗayansu ba zai samu shi kaɗai ba, sai tambaya ta koma: yaya za a raba? Wannan na biyun shi ne gonar Shapley, kodayake ya taɓa kusan kowane sashe.

Me ya yi a lokacin yaƙi, kuma me ya kai shi RAND?

An tura shi Chengdu a ƙasar Sin tare da rundunar jiragen saman sojan Amurka, a sashen hasashen yanayi. Tarayyar Sobiyet a lokacin ba ta shiga yaƙi da Japan ba tukuna, kuma rahotannin yanayinta a rubutun sirri take aika su. Shapley ya warware wannan rubutu, aka ba shi lambar yabo ta soja saboda haka.

RAND kuwa an kafa ta ne don yi wa rundunar sojan saman Amurka bincike, kuma a shekarun yaƙin cacar baka ita ce matattarar masana ka'idar wasanni. Bai kamata a ɓoye wannan ba: kuɗin soja ne suka raini fannin a ƙuruciyarsa, kuma wasu daga cikin masu aiki a wurin lissafin yaƙin nukiliya suke yi. Abin da ya ja hankalina shi ne, mutumin da ya yi shekara 27 a irin wannan wuri, ayyukansa da suka fi ɗorewa a kan rabo da sulhu da haɗa mutane suke.

Mece ce "ƙimar Shapley" da ake yawan ambata?

Hanya ce ta raba riba, ko raba nauyin biyan kuɗi, tsakanin mutanen da suka yi tarayya. Ya wallafa ta a 1953, yana ɗan shekara 30. Tunanin a taƙaice: ka ɗauka mutanen suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya shigo, a duba nawa ya ƙara a kan abin da ya tarar. A yi haka ga kowane irin jeri da zai yiwu, sannan a ɗauki matsakaicin abin da kowa ya ƙara. Wannan matsakaici shi ne rabonsa.

Misali zai fi bayyana shi. Mutum uku sun ɗauki shatar tasi, gidajensu a kan titi ɗaya. Zuwa gidan na farko 600 ne, zuwa na biyu 900, zuwa na uku 1,500. Direba 1,500 zai karɓa. In aka raba daidai, kowa 500, na farko ya kusa biyan abin da zai biya da shi kaɗai ya hau, na uku kuma ya ci bulus. A lissafin Shapley, dubi na biyu. Jeri shida ne suke yiwuwa. A biyu daga ciki shi ne ya fara shiga, duk 900 tana kansa. A ɗaya ya tarar da na farko kaɗai, ya ƙara 300. A sauran ukun na uku ya riga shi, motar dama za ta wuce gidansa, bai ƙara komai ba. Jimla 2,100, a raba shida, 350 ke nan. Da wannan hanya na farko zai biya 200, na uku 950. Haɗa su, 1,500 cif.

Ka lura da abin da ya fito: zangon farko na 600 su uku suka raba, zango na biyu na 300 mutum biyu suka raba, zangon ƙarshe na 600 na uku ya biya shi kaɗai. Hukuncin da dattijo mai hankali zai yanke ke nan ba tare da alƙalami ba. Amfanin lissafin shi ne yana ci gaba da ba da amsa a inda al'amari ya cakuɗe har hankali ya kasa hangowa. A 1973 wasu masana biyu, Littlechild da Owen, sun yi amfani da wannan tsari wajen raba kuɗin titin saukar jirage tsakanin ƙananan jirage da manya.

Me ya sa za a yarda cewa wannan rabon shi ne na adalci?

Nan gwanintar take. Shapley bai ce "ga dabarata, ku karɓa" ba. Sharuɗɗa ya fara jerawa waɗanda da wuya wani ya ƙi su. A raba duka, kada a bar saura. Mutum biyu da gudummawarsu ɗaya ce a kowane hali su samu daidai. Wanda ba ya ƙara komai a ko'ina kada a ba shi komai. In kuma mutanen nan sun yi harka biyu daban-daban, ko an raba kowace ita kaɗai ko an haɗa su an raba, kowa abu ɗaya zai samu. Sai ya tabbatar da cewa rabo ɗaya tak ne yake cika dukkansu. Saboda haka duk wanda ya ƙi sakamakon, dole ya nuna wane sharaɗi ya ƙi. Gardamar ta tashi daga "an cuce ni" ta koma kan abin da za a iya zama a tattauna.

Amma yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Gudummawa yake aunawa, ba buƙata ba. Mara lafiyar da bai iya yin aiki ba, a wannan ma'auni sifili ne rabonsa, alhali babu al'ummar kirki da za ta tsaya a nan. Sannan ƙirgar tana kumbura da sauri: mutum 10 jerinsu 3,628,800 ne, mutum 20 kuwa ya wuce biliyan sau biliyan biyu. In mutane sun yi yawa, sai dai a yi kirdado da kwamfuta.

An ce lissafinsa ya auna ƙarfin ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta yaya?

A 1954 shi da abokinsa Martin Shubik suka ɗora wannan tunani a kan ƙuri'a. Tambayarsu: a cikin dukkan jerin da masu ƙuri'a za su iya bi, sau nawa ƙuri'ar wane ce take cika adadin da ake buƙata? Ɗauki kamfani mai masu hannun jari uku, da kashi 49, 49 da 2, ana buƙatar 51. Kowane biyu daga cikinsu sun isa su yi rinjaye, babu kuma wanda ya isa shi kaɗai. Ashe mai kashi 2 ƙarfinsa ɗaya da na manyan, kowa sulusi. Yawan ƙuri'a daban, ƙarfi daban.

Kwamitin Sulhu yana da kujeru 15 tun daga 1965. Ana buƙatar ƙuri'a 9, kuma ƙasashe biyar, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin, kowace na iya hawa kujerar na ƙi. A ma'aunin Shapley da Shubik, kowace daga cikin biyar ɗin tana da kusan kashi 19.6 cikin ɗari na ƙarfin, sauran goman kuma a haɗe ba su kai kashi 2 ba, kowace ƙasa da kashi 0.2. Irin kujerar goman nan ta wucin gadi ce Nijeriya ta zauna a kai a 2014 zuwa 2015, Nijar a 2020 zuwa 2021, Gana a 2022 zuwa 2023. Ma'aunin bai lissafa ƙaurace wa ƙuri'a ba, bai lissafa lallashi da tasirin bayan fage ba, don haka ba shi ne duka labarin ba. Duk da haka, wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai gane dalilin da ya sa Tarayyar Afirka, tun matsayar Ezulwini ta 2005, take neman kujeru biyu na dindindin ba ƙarin kujerun wucin gadi kawai ba.

Wane aiki ne ya jawo masa kyautar Nobel?

Wata gajeriyar maƙala ce mai shafi bakwai da ya rubuta tare da masanin lissafi David Gale a 1962, kan ɗaukar ɗalibai a jami'a da kuma ɗorewar aure. Matsalar ita ce: akwai wuraren da kuɗi ba sa yanke hukunci, kai kana zaɓa, ana kuma zaɓenka. Yaya za a haɗa ɓangarori biyu ta yadda ba za a samu wani da wata da suka fi son juna a kan waɗanda aka haɗa su da su ba? Irin wannan haɗi suka kira mai ɗorewa, domin babu biyun da za su kewaye ta bayan fage su rushe shi. Suka tabbatar da cewa kullum akwai shi, suka kuma nuna yadda ake samo shi.

Ga yadda abin yake. Ɗalibai uku, Audu, Binta da Cindo; makarantu uku, ta Gabas, ta Yamma da ta Kudu, kowace gurbi ɗaya. Audu da Binta duk Gabas suka nema, Cindo ya nemi Yamma. Gabas ta fi son Binta, sai ta riƙe ta, ta sallami Audu. Yamma ta riƙe Cindo, amma riƙo ne kawai, ba ta ba shi takarda ba. Audu ya gangara zaɓinsa na biyu, Yamma. Ita kuwa ta fi son Audu, sai ta saki Cindo. Cindo ya gwada Gabas, aka ce masa an riga an samu wadda ta fi shi a wurinsu. Ya nufi Kudu, ta karɓe shi. Da aka daina sallamar kowa, sai riƙo ya zama tabbas. Cindo zai so Yamma ko Gabas, amma duk biyun sun fi son waɗanda suke hannunsu, saboda haka babu ƙofar da zai bi.

Sirrin duka yana cikin jinkirta amincewa. Ba a cewa "e" ta ƙarshe sai an gama zagaye.

Tsarin ba ya fifita wani ɓangare?

Yana fifitawa, kuma Gale da Shapley da kansu suka nuna haka: ɓangaren da yake nema shi ke samun mafi kyawun abin da zai iya samu a cikin duk haɗi mai ɗorewa. Ka ce Audu Gabas yake so, Binta Yamma, amma Gabas Binta take so, Yamma kuma Audu. In ɗalibai ke nema, kowa ya samu zaɓinsa na farko, an gama. In makarantu ke nema, kowane ɗalibi zaɓinsa na biyu zai samu. Duk biyun masu ɗorewa ne. Wa za a ba damar nema? Lissafi ba zai amsa wannan ba, shawarar hukuma ce, kuma ya kamata jama'a su san wace aka yanke.

Daga baya, a farkon shekarun 1980, an tabbatar da wani abu mai muhimmanci: mai nema ba ya cin riba in ya yi ƙarya a jerin zaɓinsa. Iyayen da ba su san dabarun cike fom ba, ba za a bar su a baya ba.

An taɓa aiki da wannan a zahiri, ko a takarda ya tsaya?

An yi, kuma labarin yana da ban mamaki. A shekarun 1940 asibitocin Amurka suna rige-rigen ɗaukar sababbin likitoci har suka kai ga ba ɗalibi aiki kusan shekara biyu kafin ya gama karatu. A 1952 aka kafa cibiya ɗaya mai rarraba su. Sai a 1984 masanin tattalin arziki Alvin Roth ya gano cewa hanyar da cibiyar take bi kusan ita ce ta Gale da Shapley, likitoci sun lalubo ta shekara goma kafin masana lissafi su rubuta ta. Roth ya duba Birtaniya ma, ya ga yankunan da tsarinsu mai ɗorewa ne, irin su Edinburgh da Cardiff, sun ci gaba da shi, su Birmingham da Newcastle kuwa nasu ya rushe. A ƙarshen shekarun 1990 aka sake fasalin tsarin Amurka, likitoci suka zama masu nema, aka kuma yi wa ma'auratan da ke son aiki a gari ɗaya tanadi.

A 2003 birnin New York ya ɗauki tsarin wajen shigar da yara sakandare. Kafin nan yara kusan 30,000 a shekara ake turawa makarantun da ba su zaɓa ba. Adadin ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Boston ta bi sahu a 2005. A Gana ma tun 2005 kwamfuta ce take rarraba ɗalibai zuwa babbar sakandare bisa zaɓinsu da makin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, matsala iri ɗaya ke nan. Darasin da fannin ya koyar a nan shi ne, in aka taƙaita yawan makarantun da yaro zai iya rubutawa, dole ya koma yin dabara, ya bar wadda yake so don tsoron rasa duka.

Ina alaƙarsa da dashen ƙoda?

A 1974 Shapley da Herbert Scarf sun yi nazarin mutanen da kowa yake da abu ɗaya, misali gida, suna son musaya ba tare da kuɗi ba, suka kawo wata hanya ta musayar zagaye da suka ce Gale ne ya nuna musu. Shekara talatin bayan haka, a 2004, Roth da Tayfun Sönmez da Utku Ünver suka ga ta dace da ƙoda. Sayar da ƙoda laifi ne a kusan duk ƙasashen duniya. Mace tana son ba mijinta, jininsu bai dace ba. Wani yana son ba ƙanwarsa, su ma haka. In ƙodar matar ta dace da ƙanwar, ta yayan kuma ta dace da mijin, sai a yi musaya, mutum biyu su rabu da wankin ƙoda. Kwamfuta ke lalubo irin waɗannan zagaye a cikin jerin marasa lafiya. Shapley ba marasa lafiya yake tunani ba a 1974, lissafi yake yi. Wannan ya isa hujja a kan masu cewa a daina kashe kuɗi a binciken da ba a ga amfaninsa yau ba.

Yaya tsakaninsa da John Nash?

Zamani ɗaya suka yi a Princeton, Shapley ya girme shi da shekara biyar. Sun wallafa maƙala tare a 1950 kan wani wasan karta na mutum uku, kuma a wannan shekarar su biyu da Shubik da Mel Hausner suka ƙirƙiri wani wasan tebur da ba a cin sa sai an ƙulla ƙawance sannan an warware shi. Nash ya samu Nobel a 1994 tare da John Harsanyi da Reinhard Selten.

Me ya sa kyautar tasa ta yi jinkiri har 2012?

Yana da shekara 89 aka ba shi, tare da Roth. Gale bai gani ba, ya rasu a 2008, kuma ba a ba mamaci. Kyautar ta tattalin arziki ce, wadda babban bankin Suwidin ya kafa a 1968, babu Nobel ta lissafi. Shi kuwa Shapley, da 'yan jarida suka same shi bayan sanarwar, ce musu ya yi shi masanin lissafi yake ɗaukar kansa, kuma bai taɓa ɗaukar darasin tattalin arziki ba a rayuwarsa. A ganina nan dalilin jinkirin yake. Masana tattalin arziki sun daɗe hankalinsu yana kan ɓangaren gasa, suna kallon na haɗin gwiwa a matsayin lissafi tsantsa, sai da asibitoci da makarantu suka fara aiki da shi. Ban ga adalci a wannan jira ba. Mutumin da ya kafa nazarin wasannin da yanayinsu ke sauyawa bisa sa'a a 1953, ya tabbatar da ka'idar da ake haɗa sunansa da na Olga Bondareva ta Tarayyar Sobiyet, ya rubuta littafi tare da Aumann a 1974 kan wasannin da 'yan wasansu ba su ƙirguwa, ya cancanta tun kafin maƙalar 1962 ta yi tashe. 'Yan fanninsa dai sun ba shi lambar von Neumann tun 1981.

A ina ake amfani da aikinsa yau, kuma me ɗalibi yake buƙata don ya shiga fannin?

Wurin da ya fi bunƙasa yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. In manhaja ta hana mutum bashi, ana so a san nawa albashinsa ya taka a hukuncin, nawa shekarunsa, nawa tarihin biyansa. A 2017 Scott Lundberg da Su-In Lee suka fitar da hanyar da ake kira SHAP, wadda take ɗaukar kowane bayani a matsayin ɗan tarayya, ta raba musu alhakin hukuncin da ƙimar Shapley. Masu wannan aiki da yawa suna amfani da sunansa kullum ba su san tarihinsa ba.

Ɗalibi kuma ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Lissafin yiwuwa, dabarun ƙirga jeri, da aljabara sun isa a fara. Mai son zurfafawa zai ƙara da nazarin tsara hujja a sashen lissafi, ko ya biyo ta tattalin arziki ko kimiyyar kwamfuta. Maƙalar 1962 kusan babu alamomin lissafi a cikinta, da zance aka kafa hujjar, ɗan aji shida na sakandare mai jin Turanci da haƙuri zai iya bin ta. Hanya mafi sauƙi ta gwada kai ita ce a ɗauki ɗalibai huɗu da makarantu huɗu, a rubuta wa kowa jerin zaɓinsa, a bi zagayen sau biyu, sau ɗaya ɗalibai na nema, sau ɗaya makarantu, sannan a kwatanta wa ya samu me.